Rijiyar da Aka Binne da Rai

Mai Wanki ce ta fara gani. Ta sauko gangaren bayan unguwa da sassafe, bokiti a ka, guga a hannu, ta tarar babu bakin rijiya. Inda ta saba zura guga sai ta ga faifan siminti shimfiɗe, an shafe shi sumul, har da zanen cokalin birkila a gefe. Ta dangwala yatsa ta ji bai gama bushewa ba. Sai ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

Rijiya biyu ce a unguwar. Akwai ta Gangare, wadda kowa ya sha ruwanta tun yana goye. Akwai Mai Ɗaci, can sama jikin katangar tsohuwar masana'antar batir, wadda ruwanta ya ɓaci tun da daɗewa, ba a ɗibarsa sai don kwaɓa ƙasa. Ta Gangare aka cika da duwatsu aka rufe. Mai Ɗaci kuwa tana nan baki buɗe.

Kafin rana ta ɗaga an kira Baba Mai Sawu. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun masu harbin sata, da ya ajiye aiki kuma ya koma bin na ɓarayin awaki da babura. Ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa mutane suka koyi karanta idonsa. A unguwar nan, in Mai Sawu ya dubi ƙafarka ya ɗan jima, to ka fara neman mai belinka.

Ya sa aka ja baya, ya tsuguna. Jiya da yamma an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa ya shige ɗaki, ƙasa ta yi laushi ta riƙe komai. Ga tayar tifa, ta shigo da baya. Ga sawun manyan takalman aiki. Da ya miƙe, idonsa ya faɗa kan takalman Mai Tanka, mutumin da ke kawo ruwan sayarwa a mota, wanda ya zo kallo kamar kowa. Akwai busasshen siminti a hancin takalmin. Baba ya dube shi, ya ga girman bai yi daidai ba, ya kawar da kai. Bai ce uffan ba, bai kuma lura da yadda taron ya yi tsit ba.

* * *

Ya bi sawun da baya har bakin titi, inda tifar ta fara tsayawa. Abin da ya gani bai yi masa daɗi ba, domin bai yi kama da aikin marasa gaskiya ba. Ɓarawo kan yatsu yake takawa, yana raɓe-raɓe. Waɗannan kuwa sun taka da dukan tafin ƙafa, sun zauna a kan dutse sun huta, ɗaya ma ya tsaya ya wanke shebur ɗinsa tas a kwatami.

Sai kuma sawun na gabansu. A rayuwarsa Baba ya bi sawun mashayi, ya bi na makaho, ya bi na mai ciwon ƙafa, bai taɓa ganin irin wannan ba. Mutum ya yi gaba kaɗan, ya tsaya, ya juya a inda yake, ya koma gefe, ya sake miƙewa da ƙananan taku. Ya wuce ta gaban Mai Ɗaci ko waiwaye bai yi ba, ya gangara a karkace har ya ci karo da ta Gangare.

Mai Bulo ne wanda Baba ya fara nema, domin filinsa ne ke maƙwabtaka da rijiyar, kuma kowa ya sha jin yana ƙorafin mata na tattake masa ɗanyen bulo.

"Ni?" in ji Mai Bulo, yana share hannu a riga. "Haba Baba! In toshe ta in sha me, siminti? Duba tifata, ga ta can a kan duwatsu, tun bara ba ta da ƙafa."

Gaskiya ne, kaji ma sun yi gida a ƙarƙashinta.

"Ba ka ga kowa ba jiya?"

"Tifa ce ba a gani a hanyar nan? Ni dai in ka tambaye ni, ka tambayi wanda ciniki zai buɗe wa. Ai ma kai ka riga mu ganewa."

"Na riga ku gane me?"

Mai Bulo ya yi murmushin wanda aka raina wa wayo. "To, ai mun ga inda ka duba."

Sai a lokacin Baba ya gane. Ya juya da sauri ya nufi cikin unguwa, amma ya makara. Samari sun tare Mai Tanka a bakin motarsa, sun farfasa gilashin, shi kuma sun karya masa hannun dama. Da ƙyar Shugaban unguwa ya ƙwace shi ya kulle a ɗakin ajiyarsa, ya ce nan zai zauna har gobe da la'asar, a taru, Mai Sawu ya faɗi abin da ƙasa ta gaya masa.

* * *

Ɗakin ajiyar na warin tsohon buhu. Mai Tanka na zaune a kan benci, an ɗaure masa hannu da tsinken katako, leɓensa a kumbure.

"Simintin takalminka fa?" in ji Baba.

"Dakalin ƙofar gidana na gyara shekaranjiya. Je ka gani." Ya ɗago. "Yanzu kake tambayata, Baba? Ai da safe ya kamata."

Baba ya fita. Ya je ya ga dakalin, sabo fil. A hanyarsa ta komawa gida ya hangi abin da ya fi komai tayar masa da hankali: mata sun yi layi a bakin Mai Ɗaci. Motar ruwa ta mutu, rijiyar sha ta mutu, yara kuma ba su san haƙuri da ƙishirwa ba.

"Za mu tafasa, Baba," in ji Mai Wanki, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Abin da ke cikin ruwan nan ba ya jin wuta," ya ce. Ba wadda ta bar layin.

* * *

Da magariba 'yarsa Auta ta dawo daga aiki. Ita kaɗai ta rage masa a gida tun rasuwar mahaifiyarta, kuma ita ce abin alfaharinsa, ko da yake har yau bai gane ainihin abin da take yi a ofishin taswira ba. Ya dai san tana zama gaban kwamfuta tana jera gari a cikin gilashi. Yakan tsokane ta cewa shi da ita sana'arsu ɗaya, sai dai ita ba ta ɓata takalmi.

Ta kawo masa abinci, ya ba ta labari. Da ya zo kan sawun nan mai ban mamaki, sai ya tashi tsakar gida ya kwaikwaya mata: gaba, tsayawa, juyi, gefe.

Auta ta fashe da dariya. "Kai Baba! Ai wannan tafiyar mai bin ɗigo ce a waya. Kansa a sunkuye, yana jiran kibiya ta nuna masa hanya. Kullum haka ma'aikatan fili ke yi."

"Wato ba wani ya nuna masa rijiyar ba?"

"Waya ce ta..." Ta tsaya. Dariyar ta bushe a fuskarta. "Wace rijiya ka ce an rufe?"

"Ta Gangare."

"Mai Ɗaci fa?"

"Tana nan."

Ta ce kanta na ciwo, ta shige ɗaki, abincinta ko taɓawa ba ta yi ba. Baba ya bi ta da kallo. Mutumin da ya iya karanta ƙasa ba zai kasa karanta 'yarsa ba, amma ya ce wa ransa gajiya ce.

* * *

Da gari ya waye ɗakinta babu kowa. Ya fita ƙofar gida, ga sawunta a kan raɓa. Ko cikin kasuwa zai gane shi: ƙafar hagu na ɗan buɗewa waje, kamar ta mahaifiyarta, tun ranar da ta fara tatata a tsakar gidan nan. Bai nufi tashar mota ba. Gangare ya nufa.

Bai taɓa bin sawun da ya yi masa nauyi kamar wannan ba. Ya kai shi Mai Ɗaci, inda ta daɗe a tsaye. Daga nan sai tafiyar ta sauya: gaba, tsayawa, juyi, gefe, a karkace har ta Gangare, kusan a kan sawun mutumin shekaranjiya. Sannan ya haura tudu da gudu.

A kan tudun akwai wani guntun ginshiƙin kankare mai ƙusar tagulla a ka, wanda masu awon ƙasa na da suka kafa. Nan ya same ta zaune, waya a cinya, idanu sun yi ja.

"Baba, tsaya a nan," ta ce, ba gaisuwa. Ya tsaya jikin ginshiƙin. Ta nuna masa gilashin wayar. "Wannan shuɗin ɗigon mu ne. Wancan jan kuma shi ne ginshiƙin nan, yadda na ɗora shi a taswirarmu. Ya kamata su hau kan juna."

Ba su hau ba. Ta tashi ta bi jan ɗigon, ta gangara a karkace, ta tsaya can cikin ciyawa inda babu komai, ta juyo. Baba ya dubi inda take, ya dubi rana, ya juya ya dubi rijiyoyin biyu a ƙasa. Nisan ɗaya ne, fuskar ma ɗaya. Abin da ke tsakanin ginshiƙin da 'yarsa, shi ne tsakanin Mai Ɗaci da ta Gangare.

Ta dawo ta zauna. Ta yi bayanin dalla-dalla, kamar mai karanta wa kanta hukunci.

"Kowane wuri a taswira lambobi ne, Baba. Amma lamba ba ta da amfani sai ka san daga ina aka fara awo. Duniya ba ƙwallo ce sumul ba, kowane mai awo sai ya zaɓi siffar da zai ɗauka tata ce, da tushen da zai fara ƙirga. Mutanen da suka kafa wannan ginshiƙin da nasu tushen. Waya da taswirar intanet da nasu daban. Lamba ɗaya, wuri biyu. In za ka kwaso tsohon awo ka ɗora a sabuwar taswira, dole ka juya shi tukuna."

"Ke kuma ba ki juya ba."

"Hukumar lafiya ta ce a rufe rijiyoyin da suka gurɓace, aka ba ni tsofaffin lambobinsu in ɗora. Ba a rubuta da wane tushe aka auna ba. Kwamfuta ta tambaye ni, na zaɓi wanda muke aiki da shi kullum." Ta share hawaye da bayan hannu. "Kuma na duba, Baba, wallahi na duba. Na buɗe hoton sama, na jawo unguwarmu kusa, na ga rijiya a ƙarƙashin ɗigon. Na ce alhamdulillahi, ya zauna daidai. Ban tsaya na tambayi kaina wace rijiya ce ba. Ni da na girma ina jan guga a cikinta."

Tausayinta ya kama shi. Ya zauna kusa da ita a kan ciyawa.

"Na riga na kira shugabanmu," ta ce. "An tsayar da masu tifar. Yau da wata unguwar za su."

"To ya isa." Ya yi maganar a hankali, yana kallon ƙasa. "Abin da na gani sawun baƙi ne, ma'aikata, waya ta ɓatar da su. In na faɗi haka ban yi ƙarya ba. Ke ki tafi wajen aikinki, kada ki dawo sai gobe."

Ta dube shi. A iya saninta, mahaifinta bai taɓa tsayar da sawu a rabin hanya ba.

* * *

Da la'asar ƙofar gidan Shugaban unguwa ta cika. An fito da Mai Tanka an zaunar a kujera, Mai Bulo na gefe, samari na baya sun harɗe hannuwa. Da Baba ya shigo fili, ba wanda bai janye ƙafarsa ƙarƙashin benci ba. Ya ga haka, ya ji kunya, ya kafe idonsa a kan katanga.

Ya faɗi abin da ya gani: tifar baƙi ce, ma'aikatan da aka turo su rufe Mai Ɗaci ne, taswirar wayarsu ce ta kai su ta Gangare. Babu sawun Mai Tanka a ciki, babu na Mai Bulo.

Aka yi guna-guni. Mai Bulo ya miƙe.

"Baba, da girmanka. Waya ce ta ga dama ta zaɓi rijiyar shanmu? Duk faɗin filin nan? Wani ne ya karkatar da su, kuma mun san wanda zai ci riba."

"Haka ne!" in ji wani daga baya. "Ya saye su ne!"

"A ba mu shi!"

Shugaban unguwa ya ɗaga hannu, hayaniyar ba ta kwanta ba. Ya juyo wajen Baba. "Ka ji su. Ba za su yarda da laifin da ba shi da mai shi ba. Sawun nan a ina ya ƙare?"

Baba ya buɗe baki. Ya dubi hannun Mai Tanka a cikin tsinken katako, ya dubi samarin da suka fara matsowa. Daga can bayan taron ya ji takun da ya sani, ƙafar hagu na ɗan gogar ƙasa. Bai juya ba. Ya san in ya yi shiru ita za ta faɗa, ita kaɗai, a gaban waɗannan fuskokin.

"A gidana ya ƙare," ya ce.

Auta ta ratso mutane ta tsaya kusa da shi, da jakar aikinta a kafaɗa. Ta gaishe da manya, sannan ta faɗi komai: tsohon awo, sabon awo, ɗigon da ya zame, rijiyar da ta gani a hoto ta gamsu. Ba ta ɗora wa kwamfuta ba, ba ta ɗora wa wanda ya ba ta lambobin ba. Ta ce gobe ofishinsu zai turo a fasa simintin a kwashe duwatsun, a kawo ruwan sha kafin nan, a rufe Mai Ɗaci. Ta ce an dakatar da ita daga aiki, kuma ba ta ga laifinsu ba.

"Yarana jiya Mai Ɗaci suka sha," in ji Mai Wanki. Ba da ihu ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. "Ke da na goya ki."

Auta ta durƙusa a gabanta.

Samarin suka tsaya cirko-cirko. Sun zo da fushin da suka tanada wa wani, yanzu sun rasa inda za su ajiye shi. Ɗaya bayan ɗaya suka sunkuyar da kai, ba wanda ya iya duban kujerar Mai Tanka.

Shi ne ya yi magana a ƙarshe. Ya miƙe da ƙyar, yana tallafe da hannunsa.

"Ita ta duba sau ɗaya, ta ga abin da take zaton gani, ta wuce. Ta zo ta faɗa da bakinta." Ya juyo wajen Baba. "Kai ma kallo ɗaya ka yi wa takalmina. Ka san ba ni ba ne tun a lokacin, ko ba haka ba?"

"Na sani."

"Da ka buɗe baki ka ce ba shi ba ne, da yanzu ina kan mota ina kai wa yaran nan ruwa."

Baba ya cire hularsa. Tsoho ne, a shekaru ya haifi Mai Tanka, amma ya rusuna a gabansa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa. "Ka yafe mini."

Mai Tanka ya dube shi. "Zan yi ƙoƙari," ya ce, ya juya ya tafi.

* * *

Suka kama hanyar gida, Auta a gaba, shi a baya. Ba wanda ya tare su, ba kuma wanda ya yi musu sannu. Ƙasa har yanzu da laushinta, kowane taku nata na fitowa ɓaro-ɓaro, ƙafar hagu a buɗe.

Sun yi nisa kafin ta lura da cewa tafiyarsa ta sauya. Ta waiwaya, ta ga yana ɗora ƙafarsa a kan kowane sawu nata, yana ɗan murzawa, yadda masu harbin sata ke yi in ba sa so a bi su. Shi kansa bai san yana yi ba.

"Baba," ta ce a hankali. "Bar shi. Kowa ya riga ya san inda ya nufa."

Ya tsaya, ya dubi ƙafarsa. Sannan ya matso gefenta, suka ƙarasa gida kafaɗa da kafaɗa.